Lissafin Mai Faci a Kwangila

Shekara ashirin da uku ina gindin gadar nan,
ni da injin iska da bahon baƙin ruwa.
Ba na karanta jarida, taya nake karantawa.
Mirgino min ita in faɗa maka inda ta bi:
wannan tsagar ta ramin Ɗan Magaji ce,
wannan kumburin kuwa hanyar Shika ce, bayan ruwan Agusta.

Jiya Tanimu ya zo da ƙafar baya a sace,
rediyon motarsa na ta gardama da kanta.
Wani na cewa a ɗora kuɗin titi a kan lita,
wai mai shan mai shi ke cin kwalta.
Tanimu ya ce, to ai magana ta ƙare.
Na ce, ɗaga kanka tukuna.

Ga ɗan Lantana can zai wuce Samaru
a keke mai caji, shiru kamar mage a rumbu,
fasinja huɗu da buhun barkono.
Rabonsa da gidan mai tun babbar Sallah.
Ga bas ɗin Barau ta koma gas,
tukunya a bayan kujera kamar randa.
Titi kuwa bai san wannan ba,
ƙafa dai ƙafa ce a wurinsa.
Rijiyar da kuke saya wa sabon guga
ruwanta kullum ƙasa yake yi.

Ya ce, to a kafa shinge, kowa ya biya ya wuce.
Na ce, na san shinge:
katako da ƙusoshi, hannu ta taga.
Kuɗin da ya shiga aljihu babu rasit
bai taɓa zama tsakuwa ba.

Ladidi mai tuwo ta leƙo, muciya a hannu.
Ta ce, ni ban taɓa sayar da malmala uku a kuɗin ɗaya ba.
Ku kafa sikeli a bakin gari, ku auna su.
Tirelar siminti guda, cikin dare guda,
tana yi wa kwalta abin da 'yan acaɓa dubu
ba sa yi daga shuka har girbi.
Wanda ya fi zurfafa hannu a akushi
shi ya kamata ya fi kawo hatsi.

Wata ɗalibar jami'a na jiran a ba babur ɗinta iska.
Ta ce, Baba, tafiyar za a ƙirga,
kilomita nawa ka ci, ka biya gwargwado.
Na yi dariya. Rabin motocin tashar nan
mitarsu ta mutu tun a Kwatano.
Ta ce, ana gyara mita.
Na rasa amsa, na ƙara mata iska.

Ni dai abin da na sani na kakana ne a Tukur-Tukur.
In damina ta cinye hanyar kasuwa, gayya ake kira,
kowa da kwandonsa, kowa na ganin na kowa.
Ku karɓa ta sikeli, ku karɓa ta mita,
amma a yi asusun da ba ya jin sunan kowa sai titi,
a kafa allo a PZ, a rubuta shiga da fita,
har Ladidi ta tsaya ta duba.

Tanimu ya ce, kai da rami ke ciyarwa,
in hanya ta yi sumul me za ka ci?

Gaskiyarsa. Kowane rami abokin cinikina ne.
Amma wanda ke gaban Dogarawa,
da ya sha aiko min da ɗari biyar-biyar,
shi ya karɓi ƙanena Sallau ranar wata Laraba,
yana ɗauke da kwandon tumatir.
Har yau ban gama wannan lissafin ba.

Na tsoma tiyub a ruwa, kumfa ta nuna min hujin.
Na goge, na shafa gam, na danne.
Na ce, wannan zai kai ka Funtuwa.
Dawowa kuma, ka tambayi hanya.